RA'AYINMU: SHIN ABIN DA IDO YA GANI SHI HANNU KE AIKATAWA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi ji da gani da zuciya, sannan Ya sanar da shi cewa zai tambaye shi a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya zaga unguwannin Birnin Kudu bayan sallar Isha'i, ko ya kwana a Gwaram, ko ya yi dare a kasuwar Sara, ba zai rasa ganin ɗayan abu biyu ba. Ko dai ya ga rumfar kwano janareto na ruri a bayanta, yara sun yi cincirindo a ƙofa, daga ciki ana jiyo ƙarar harbi da kururuwa, ko kuwa ya ga samari a bakin shagon cajin waya, kawuna biyar a kan waya ɗaya, suna kallon yadda aka sassare wani bawan Allah a garin da ba su taɓa zuwa ba. Iyaye da malamai sun rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Wasu na cewa kallo ne ya lalata yaran zamani, da za a kashe janareto a ƙwace wayoyi da an huta. Wasu kuma na cewa wasa ne kawai, su ma sun kalli fina-finan Caina da na Indiya a ƙuruciyarsu, ga su nan ba su kashe kowa ba.

Mu a wannan mujalla muna ganin batun ya fi ƙarfin a yanke masa hukunci da zato, domin wanda ya kuskure sanin cuta lalle zai kuskure magani. Masana halayyar ɗan Adam da na yaɗa labarai sun shafe kusan shekara 100 suna bincike a kan wannan tambaya, kuma hikima abar neman mumini ce duk inda ya same ta. Saboda haka za mu kawo abin da suka gano, mu auna shi da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, sannan mu duba abin da ya hau kanmu.

ABIN DA MASANA SUKA CE

Nazariyya ta farko ita ce wadda ake yi wa laƙabi da nazariyyar allura. Ta samu karɓuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka ga yadda gwamnatocin Turai suka yi amfani da farfaganda wajen tura miliyoyin matasa fagen fama, har wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya wallafa littafi a kan dabarun wannan farfaganda a 1927. Abin da masu wannan fahimta suka ɗauka shi ne, saƙon da ya fito daga rediyo ko silima yana shiga zuciyar mutum kamar yadda ruwan allura ke shiga jijiya, ba shi da ikon tare shi. Babbar hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce wani wasan kwaikwayo da aka watsa a rediyo a Amurka a watan Oktoban 1938, wanda ya nuna kamar wasu halittu daga wata duniya sun kawo hari, jaridu suka ruwaito cewa jama'a sun firgita sun fantsama tituna. Bincike daga baya ya nuna jaridun sun zuzuta abin ƙwarai. A kan irin wannan tunani Turawan mulkin mallaka suka gina majigi, suna yawo da mota gari-gari suna haska fina-finan tsabta da noma, da zaton da zarar talaka ya gani zai sauya. Amma ba duk wanda ya kalli majigi ne ya koma gida ya haƙa masai ba.

Raunin wannan nazariyya a fili yake. Mutum dubu kan kalli fim ɗaya, ɗaya ne tak daga cikinsu zai ɗauki wuƙa, ko ma a rasa ko ɗayan. Ta fuskar addini kuwa, ta mayar da ɗan Adam tamkar tulu, abin da aka zuba masa shi zai riƙe, alhali Allah Ya ba shi hankali da zaɓi, kuma a kan su ne Ya ɗora masa taklifi. Babu alƙalin da zai karɓi uzurin mai kisa don ya ce fim ne ya sa shi, balle a gaban Alƙalin alƙalai.

Nazariyya ta biyu ta zo ne ta gyara ta farko. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi diddigin masu jefa ƙuri'a a wata gunduma ta jihar Ohio, suka tarar cewa kaɗan ne jarida da rediyo suka sauya wa ra'ayi kai tsaye. Mafi yawa sun ɗauki matsayinsu ne daga bakin wani da suka amince da shi a gida ko a wurin aiki, wanda shi ne ya karanta ko ya saurara, sannan ya fassara musu. Wato saƙo yana yin zango biyu kafin ya isa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kowane ƙauye yana da mutumin da ba ya rabuwa da rediyo, wanda idan an idar da sallar Asuba, ko an hallara wurin mai shayi, shi ake juyowa a tambaya me duniya ke ciki. Abin da ya ƙara da abin da ya rage, shi ne labarin da gari zai kwana da shi.

Nazariyya ta uku ita ce ta koyi da gani, kuma ita ce ta fi shafar yaranmu. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya tara yara 72 waɗanda ba su kai shekara 6 ba. Wasu daga cikinsu suka ga wani babba yana naushi da shuri da bugun wata 'yar tsana ta roba da ake hura wa iska, wasu kuma ba su ga haka ba. Da aka bar kowane yaro shi kaɗai da 'yar tsanar, waɗanda suka ga duka suka kwaikwayi dukan, har da kalmomin da babban ya furta. A 1963 ya maimaita gwajin da fim a madadin mutum a zahiri, sakamakon bai sauya ba. Amma gwajin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 1965. A nan wasu yara sun ga an yaba wa mai dukan an ba shi kyauta, wasu kuma sun ga an tsawata masa an hukunta shi. Waɗanda suka ga hukunci ba su cika kwaikwayo ba. Sai dai da aka yi musu alkawarin lada idan suka nuna abin da suka gani, sai ga shi su ma sun iya tsaf. Ma'ana, darasin ya riga ya shiga kan kowa, abin da ya tsare hannun wasu shi ne sanin abin da zai biyo baya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Ashe tambayar da ta dace a yi wa fim ta wuce ko akwai faɗa a cikinsa. Wane ne gwarzon labarin, kuma me faɗan ya jawo masa? Fim mai dogon zango da zai nuna ɗan daba ana tsoronsa, ana girmama shi, yana da kuɗi da yara a bayansa har kashi 50, sannan ya tuba a kashi na ƙarshe, ya koyar da daba sau 50, ya koyar da tuba sau ɗaya. Da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana shirya fina-finan da ke nuna harkar daba a 2024, irin wannan damuwa ce ta sa ta.

Nazariyya ta huɗu ita ce hujjar masu kare fina-finan zubar da jini. Suna cewa kallon faɗa yana sa mutum ya huce haushinsa a zaune, ba sai ya taɓa kowa ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma gwaji bai goyi bayanta ba. A wani bincike da Brad Bushman ya wallafa a 2002, an fusata ɗalibai da gangan, sannan aka sa wasu su yi ta naushin buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma aka bar su zaune shiru. Masu naushin suka tashi da fushi fiye da masu zaman. Mu kuwa tun ƙarni 14 da suka wuce Manzon Allah (S.A.W.) ya koya mana maganin fushi: a nemi tsari daga Shaiɗan, a kame baki, mai tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Ba a kashe wuta da ƙara mata itace.

Nazariyya ta biyar ta George Gerbner ce, na Jami'ar Pennsylvania, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 ya duƙufa wajen ƙididdige tashin hankalin da ake nunawa a talabijin. Shi abin da ya gano daban ne. Yawan kallo bai cika mayar da mutum mugu ba, amma sannu a hankali yana mayar da shi matsoraci. Waɗanda suke shafe awa 4 ko fiye kullum a gaban talabijin sun fi sauran zaton cewa za a kai musu hari, sun kuma fi ganin cewa ba a amince wa mutane. Mutanen Gwaram sun san tsoro na gaskiya, domin ba su manta da daren da 'yan bindiga suka afka wa ofishin 'yan sandan garin a watan Afrilun 2014 ba. Amma wancan dare ɗaya ne. Waya kuwa kullum sai ta kawo wa mutum gawar Zamfara da ta Borno da ta Filato har cikin ɗakinsa, har ya wayi gari yana ganin kowane Bafulatani ɗan bindiga ne, kowane baƙo kuma ɓarawon yara ne. Matsoraci shi ya fi kowa saurin jifa idan an yi ihun ɓarawo, kuma da yawa daga waɗanda taron jama'a ya hallaka bisa zargi, tsoro ne ya kashe su kafin sanda.

Nazariyya ta shida ita ce ta ƙeƙashewar zuciya. A 1974 Ronald Drabman da Margaret Thomas sun nuna wa wasu yaran firamare fim mai faɗa, wasu kuma ba a nuna musu ba, sannan aka ɗora wa kowane yaro amanar lura da wasu ƙanana, da umarnin ya kira babba idan wani abu ya faru. Da ƙananan suka kaure da faɗa, waɗanda suka kalli fim ɗin sun fi jinkirin neman taimako. Wannan ita ce cutar da muke gani da idonmu a yau. Mota ta kife a hanyar Kano zuwa Maiduguri, mutum na kwance cikin jini yana salati, na farkon isowa wayarsa zai fara zarowa. Kafin a sanar da iyalan mamaci, hoton gawarsa ya riga ya shiga zauruka goma. Musulunci ya ba gawa hurumi irin na mai rai, ya yi umarni a suturta ta, amma idon da ya saba da jini ya daina jin nauyin wannan umarni.

ADALCI YA WAJABA

Duk da haka, Allah Ya umarce mu da adalci ko a kan abin da muke ƙi. Binciken da Leonard Eron da abokansa suka fara a 1960, inda suka bi rayuwar ɗaruruwan yara tun suna 'yan shekara 8 har suka girma, ya nuna alaƙa tsakanin yawan kallon tashin hankali a ƙuruciya da zafin hali daga baya, musamman ga maza. Amma wasu masana sun yi tambaya mai ƙarfi: kallon ne ya haifar da zafin halin, ko kuwa yaro mai zafin hali ne yake zaɓar irin wannan kallo? Sun kuma nuna cewa manyan laifuffuka sun ragu ƙwarai a Amurka daga farkon shekarun 1990, daidai lokacin da wasannin kwamfuta na harbe-harbe suke cika gidaje. A 2011 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce hujjojin da aka gabatar mata ba su tabbatar da cewa wasannin ne ke sa yara aikata ta'adi ba.

Tarihinmu ma shaida ne. An yi tarzoma a Kano a watan Mayun 1953, babu talabijin ko ɗaya a ƙasar nan. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000, shekara 10 kafin fitowar Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. Daba a Kano ta girmi kaset ɗin bidiyo nesa ba kusa ba, kuma sara-suka a Bauchi da kalare a Gombe, kowa ya san hannun da ya raine su a lokutan zaɓe. Zaman kashe wando, da shaye-shayen ƙwaya, da mutuwar aure barkatai, da yaron da aka sake shi ba mai tambayar inda ya kwana, waɗannan su ne busasshiyar ciyawa. Kallo ashana ne. Wanda ya ɗora wa fim dukkan laifi, sau da yawa kansa yake son wankewa, domin laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

MA'AUNIN ALƘUR'ANI

Idan muka koma ga Littafin Allah, za mu tarar an warware mana wannan ƙulli a cikin ƙissa guda, wato ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu (A.S.) biyu da ke cikin Suratul Ma'ida. Kisan farko a bayan ƙasa ya auku ne ba tare da mai kisan ya taɓa ganin an yi kisa ba. Hassada ce ta tsiro a zuciyarsa, ransa ya ƙawata masa aikin. Wannan ya nuna tushen ta'adi a zuciya yake. Amma da ya rasa yadda zai yi da gawar ɗan'uwansa, sai Allah Ya aiko hankaka yana tona ƙasa, ya gani, ya koya. Wannan kuma ya nuna ido ƙofar koyo ce, har daga tsuntsu. Sannan hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya sanar da mu cewa duk ran da aka kashe bisa zalunci, wancan ɗan Adam na farko yana da kaso na alhakinsa, saboda shi ya fara buɗe wannan ƙofa. Ke nan wanda ya nuna hanya ba ya kuɓuta don ba hannunsa ya riƙe wuƙar ba.

Haka nan Sunna ba ta haramta duk wani kallo da ke da makami a cikinsa ba. Ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah (S.A.W.) ranar Idi, Nana A'isha (R.A.) tana kallo, shi kuma yana tsaye yana kare ta har sai da ta gaji don kanta. A lura da siffar wannan kallo: wasa ne na jarumta wanda ba a wulaƙanta kowa a cikinsa ba, a fili aka yi shi, kuma mai tarbiyya yana tsaye a wurin. Shi ne kuma Annabin da ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya umarci mai ratsa kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Ina wannan, ina yaro ɗan shekara 9 shi kaɗai cikin duhu da waya, yana kallon yankan mutum?

INDA HAƊARIN YA FI GIRMA

Akwai wani nau'in saƙo da hujjar cutarwarsa ta fi ta fim ƙarfi nesa, shi ne tunzurawa da ta zo cikin rigar labari. Mai kallon fim ya san shiri ne. Mai jin cewa an kashe 'yan'uwansa jiya, kuma ga waɗanda suka kashe su, shi bai ɗauke shi wasa ba. A Ruwanda a 1994, an hallaka mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100, gidan rediyon RTLM yana kiran Tutsi da sunan kyankyasai, yana ambaton sunayen mutane da maɓoyarsu. A 2003 kotun duniya da aka kafa don wannan ta'asa ta samu wasu jagororin gidan rediyon da mai wata jarida da laifi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na shiga kisan yana da nasaba da wannan rediyo, ya kuma nuna tasirinsa ya tsallaka har ƙauyukan maƙwabta ta bakin waɗanda suka saurara. Ga zango biyu nan ya sake bayyana.

Mu ma mun ɗanɗana. A tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011, wadda ta shafi jihohin Arewa 12 har da Jigawa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutuwar mutane fiye da 800, kuma saƙonnin waya na tunzurawa sun yi yawo a kwanakin. A watan Yunin 2018 a Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook da sunan kisan da aka yi a lokacin, alhali binciken BBC ya nuna wasunsu ba su da alaƙa da rikicin ko kaɗan. Matasa suka tare hanya, aka kashe matafiya Musulmi da ba su san hawa ba balle sauka. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya cancanci kuka. Amma wajibi ne mu tambayi kanmu, da hoton ƙarya ya zo ta ɓangarenmu, mu nawa ne za su tsaya bincike kafin su tura?

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye a kudancin Jigawa, inda manomi da makiyayi suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Zanen da mutanen dā suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, mafi yawansa hoton shanu ne, alamar cewa kiwo ya daɗe a wannan ƙasa. Kowace kaka akan samu saɓani a kan gona da burtali, kuma dagatai da ardo-ardo da limamai sun saba sasantawa. Amma a ce ana tsakiyar irin wannan saɓani, sai ga bidiyon rugar da aka ƙone ko manomin da aka yanka a wata jiha shekaru 5 da suka wuce, an rubuta a ƙasansa cewa a nan kusa ne, yau da safe. Kafin mai gari ya ɗaura rawani, samari sun riga sun fita. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu bincika labarin da fasiƙi ya kawo, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ya kuma zargi waɗanda idan labarin aminci ko na tsoro ya zo musu suke watsa shi, maimakon su mayar da shi ga ma'abota al'amari, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Yau kowane mai waya gidan rediyo ne, kuma waɗannan ayoyi da shi suke magana.

MU MA MU DUBI KANMU

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da'awar gyara a Arewa ta kafofin yaɗa labarai ta bunƙasa, tun daga tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a Rediyon Kaduna, zuwa kaset-kaset da ake sayarwa a ƙofar masallatai da tashoshin mota. Idan mun yarda kaset ɗin wa'azi yana shiryar da zuciya da izinin Allah, to dole mu yarda yana iya karkatar da ita. Ta kaset da faifai wa'azin Muhammad Yusuf ya zaga Arewa kafin 2009, kuma ta wannan hanya malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Sheikh Muhammad Auwal Albani Zariya, Allah Ya jiƙansu, suka yi masa raddi na ilimi. Makami ɗaya ne, hannuwa ne suka bambanta.

Don haka mai wa'azin da ya hau mumbari yana kiran abokin saɓaninsa da sunayen dabbobi, yana kafirtawa ba tare da sharuɗɗa ba, mabiya suna kabbara, ya sani yana yin gwajin Bandura ne da 'ya'yan mutane: ya nuna duka, kuma ya nuna ana samun yabo a kansa. Ya kuma sani cewa karatunsa na awa 2 za a yanko minti ɗaya mafi zafi daga cikinsa, shi ne zai isa wayar yaron da bai taɓa zama gaban malami ba. Magana zarar bunu ce.

KIRANMU

Na farko, ga iyaye. Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, yaro zai leƙa ta abokinsa. Ku san abin da 'ya'yanku suke kallo, ku zauna tare da su wani lokaci, ku tambaye su: wannan da aka kashe ba shi da uwa ne? Wa zai ciyar da 'ya'yansa? Ku ne zangon da saƙo ya kamata ya bi kafin ya zauna a zuciyarsu. Ƙananan yara kuwa kada su kwana da waya. Kuma uban da yake dukan matarsa a gaban 'ya'yansa ya sani babu fim ɗin da ya kai nasa tasiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, ga masu gidajen kallo da masu tura fina-finai a waya. Neman halal ibada ne, amma kuɗin da aka karɓa daga hannun yaro don a loda masa yankan mutane, za a yi bayaninsa gobe Ƙiyama. Ku ware abin da ya dace da yara, ku rufe musu ƙofa idan dare ya yi.

Na uku, ga masu shirya fina-finan Hausa. Ba mu ce ku ɓoye cewa akwai mugunta a duniya ba, Alƙur'ani ma ya ba da labarin Fir'auna. Amma ku nuna ta da sakamakonta, da hawayen marayu da zaman kurkuku, kada ku yi mata kwalliya.

Na huɗu, ga limamai da masu wa'azi da malaman Islamiyya. Ku sanya hukuncin yaɗa labari da hurumin jini da hurumin gawa cikin huɗubobi da darussa, musamman gabanin kaka da gabanin zaɓe. Ku tsarkake harsunanku a wurin raddi.

Na biyar, ga hukumomi da masu sarauta a Birnin Kudu da Gwaram. Jita-jita tana ƙiba ne a inda gaskiya ta makara. Idan abu ya faru, a gaggauta faɗin abin da ya faru ta bakin da jama'a suka amince da shi, a kuma hukunta mai laifi a bainar jama'a bisa doka, domin yaron da ya ga an saki ɗan daba saboda ubangidansa ɗan siyasa ne, ya koyi darasin da babu hukumar tacewa da za ta goge.

Na ƙarshe, ga kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa mai riƙe da waya. Kafin ka tura, tambayi kanka abu uku: wa ya ɗauka, yaushe, kuma a ina? Idan ba ka da amsa, to ya tsaya a wurinka. Idan kana da amsa, sake tambaya: me zai haifar idan ya isa hannun mai fushi? Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗe mu cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu da zukatanmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kare jinin Musulmi da na duk wanda ke zaune da mu da amana, Ya zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.